Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina: a raba toyi da gobara a dokar daji

Mai girma Kakakin Majalisa, da sauran wakilanmu masu daraja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ku riƙon amanar da jama'a suka ɗora maku.

Kowace shekara, da an fara yankan dawa, iskar hunturu ta soma kaɗawa, sanarwa iri ɗaya ce ke fita a rediyo da bakin masu shela: a daina ƙona daji, wanda duk aka kama ya kuka da kansa. Kowace shekara kuma dajin sai ya ƙone. Mu da muka rubuto wannan takarda tsofaffin ma'aikatan gandun daji ne da malaman gona da na dabbobi, kuma roƙonmu guda ne: jihar nan ta samu dokar wutar daji wadda ta san bambancin toyi da gobara, ta kuma san dajin Baure ba irin na Faskari ba ne. Dokar da ta ce kada a sa wuta, daga nan ta ja bakinta ta yi shiru, ba ta hana wuta. Ɗage ta kawai take yi daga Nuwamba, lokacin da mutum biyu za su kashe ta da ɗanyen reshe, zuwa Maris, lokacin da ba mai iya tunkararta. Sannan ta mayar da ita marainiya: ba wanda zai ce shi ya kunna, ba wanda zai yarda a gan shi kusa da ita.

A takarda dai doka ba ta yi ƙaranci ba. A 2011 hukumar NESREA ta tarayya, mai kula da dokokin muhalli, ta fitar da ƙa'idojin ƙona daji da cinna wuta a fili, waɗanda suka ce ba a ƙona daji sai da izinin hukuma. Ga dokokin gandun daji da muka gada tun zamanin Jihar Arewa, ga dokar wuraren kiwo ta 1965, dokar laifuka kuma ta tanadi hukuncin ɓarna da wuta. Abin tambaya, mutumin da ke zaune a gefen Dajin Rugu, wanda gamba ta zo masa har bayan rumbu, ina zai nufa neman izinin? Wa zai rubuta masa takardar, nawa ne kuɗin motar? Kafin amsa ta iso, ciyawar da ya so ya ƙona da sauran danshinta ta zama ashana. Don haka ba ya nema. Ko ya bar ta tana jiran tartsatsin wani, ko ya jefa mata garwashi da dare, gari ya waye kowa ya ce bai gani ba.

Ranku ya daɗe, tushen maganar yana cikin ciyawar kanta, don haka ku yi haƙuri mu ɗan tsaya a kai.

Ɓangaren Daura, Mai'adua, Zango, Baure, Sandamu, har su Kaita da Mashi, ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, ƙasar kuma jigawa ce. Ciyawar can 'yar damina ɗaya ce: ƙarangiya, burburwa, gude-gude, harkiya, kyasuwa. Ta fito, ta zubar da iri, ta mutu har saiwa. In wuta ta bi ta kanta, ko a Oktoba ko a Afrilu, ba toho sai wata damina. Ga lissafin yadda asarar take. A shekara mai kyau hekta guda tana iya ba da busasshiyar ciyawa kamar tan ɗaya da rabi, amma abin da ke shiga cikin dabba bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, saura na gara da iska da tattakawar kofato. Wato kilo 500. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin kilo shida da 'yan kai a yini, kusan kilo 1,500 ke nan a wata takwas na rani. Gobarar da ta lashe hekta 1,000, abin da wuta ke yi tsakanin azahar da magariba in da iska, ta cinye abincin shanu sama da 300 na rani guda cur. Shanun nan ba za su zauna su mutu ba. Za su gangara kudu kafin a kwashe amfanin gona, ko su faɗa lambun wani, daga nan sai a ji ana cewa rikicin manoma da makiyaya ne, alhali ashana ce ta fara shi. A wannan yanki muna tare da hani ɗari bisa ɗari, sai dai hanin ya zo da aiki, ba da barazana kaɗai ba.

Yamma da kudu labarin daban ne. Daga Safana da Ɗanmusa zuwa Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Dandume da Funtua, ruwa yana ƙaruwa har ya kai milimita 1,000 ko fiye, ciyawar da ta fi yawa kuma mai saiwa ce, irin su gamba, da ke wuce tsawon mutum ta kuma ba da ninki biyu ko uku na abin da ake samu a arewa. In ta bushe ta zama kara, sinadarin gina jiki da ke cikinta ba ya kai kashi 3 cikin 100, alhali saniya na bukatar kamar kashi 7 don kada ta rame. Tohon da ke fitowa bayan wuta kuwa yana kai kashi 10. Bafulatanin da ke sa wuta a kwari ba hauka yake ba, wannan tohon yake nema. Inda yake kuskure shi ne wuri da lokaci. Toho na fitowa ne inda ƙasa ke riƙe da danshi, fadama da kwari, kuma da wuri. In aka ƙona tudu a Fabrairu, gamba za ta yi ƙoƙari ta turo ɗan kore daga abincin da ta ajiye a saiwa, shanu su kalle shi cikin kwana uku, damina ta zo ta tarar gindin ya mutu. Shekara kaɗan a haka sai gamba ta ɓace, tafasa da ciyawar banza su gaje wurin.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun 1929 ma'aikatan daji suka ware filaye uku a Olokemeji, cikin Jihar Ogun ta yanzu: ɗaya ba a sa masa wuta, ɗaya ana ƙona shi farkon rani, ɗaya ƙarshen rani. Bayan kusan shekara talatin, wanda aka kare ya zama kurmi, na ƙarshen rani itatuwansa sun ragu ƙwarai, na farkon rani kuma ya riƙe itatuwansa. Can ta fi mu ruwa nesa ba kusa ba, amma darasin ya zo har nan, shi ya sa a da malaman daji na Arewa da kansu suke yin toyin farkon rani a gandu. Sun san kare daji mai doguwar ciyawa gaba ɗaya abu ne mai kyau in zai yiwu, amma ba ya yiwuwa: shekara huɗu kana gadi, a ta biyar mai neman gafiya ya shafe maka komai da yamma guda.

Wutar ƙarshen rani ita ce abokiyar gaba. A Fabrairu da Maris iska ta bushe ƙarmas, harshen wuta cikin gamba yana tashi mita uku zuwa biyar, yana kashe duk ɗan itacen da bai kai ƙirji ba, yana gasa ɓawon marke, wanda dama ba ya jure wuta. Lokacin ne kuma ɗorawa da kaɗanya ke fure. Furen da ya babbake ba ya komawa, saboda haka matar da ke jiran kalwa ta yi daddawa, da mai jiran ƙwara ta yi man kaɗe, sun yi asarar shekara tun ba su sani ba. Amya ta ƙone da zumarta. Tokar da ake cewa taki ce, iska ke kwashe ta. Abin da ganye ya tara na takin gaske ya riga ya bi hayaƙi. Ruwan farko ya sauka kan ƙasa tsirara, ya fara yankan kwazazzabo.

Yanzu ga abin da dokar hani zalla ke koya wa mutanen da ke zaune a bakin gandu, kuma nan ne muka fi so ku saurara.

Tana koya masu gudun wuta. In ƙa'idar aiki ita ce duk wanda aka samu kusa da wuta shi ne mai laifi, to wanda ya fara ganin hayaƙi, maimakon ya karyo reshe ya yi kururuwa, sai ya kaɗa dabbobinsa ya yi gaba. Minti goma sha biyar na farko su ne rayuwar gobarar daji. A cikinsu mutum biyar sun ishe ta. Bayan awa guda mutum ɗari ba su isa ba. Motar kashe gobara tana birni, ruwanta 'yan dubban lita ne, ba ta bin burtali.

Tana kuma mayar da mai ceto mai laifi. In wuta ta kama gamba iska na kora ta, ba a tsayar da ita da bugu. Dabara ɗaya ce: a je gabanta nesa, a samu hanya ko rafi ko gonar da aka share, a kunna wata wutar daga bakin nan ta tafi ta tarbe ta, in sun haɗu ba abin ci sai su mutu tare. Wanda ya yi wannan ya ceci ƙauye, amma a idon dokar da ba ta san wutar tarba ba, ya ƙona daji babu izini. Masu sanin aikin sun san haka, shi ya sa sukan naɗe hannu.

Sai batun tarar gari gaba ɗaya, da wasu ke ba da shawara duk lokacin da aka rasa mai laifi. An gwada shi a Mali. Gwamnatin Musa Tarawore ta haramta kowace irin wutar daji a 1986, ana cin ƙauyuka tara mai nauyi in wuta ta tashi a ƙasarsu. Daji bai daina ƙonewa ba, sai dai ƙiyayya da ta shiga tsakanin talakawa da ma'aikatan daji, har da gwamnatin ta faɗi a 1991 aka riƙa korarsu daga ƙauyuka. A 1995 sabuwar gwamnati ta sake doka, ta halatta wutar farkon rani. Amurka ma, da duk jiragenta, ta bi wannan hanya: bayan gobarar 1910 da ta ci fiye da hekta miliyan ɗaya a jihohin Idaho da Montana, hukumar gandun dajinsu ta kafa ƙa'ida a 1935 cewa duk wutar da ta tashi a kashe ta kafin ƙarfe goma na safiyar gobe. Sai busasshen itace ya yi ta taruwa shekara da shekaru. Sun janye ƙa'idar a 1978, amma har yanzu suna biyan bashinta. Gobarar garin Paradise a Kalifoniya a 2018 ta kashe mutum 85. Dajinsu ba irin namu ba ne, nasu makamashin shekara hamsin yake taruwa, namu damina ɗaya ko biyu, gara ta rage saura. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abu na ƙarshe a wannan jeri, kuma wanda ya fi ba mu takaici, shi ne yadda ake kare sabon dashe. An sha wahala a jihar nan kan shingen itatuwa, tun aikin dashen da Tarayyar Turai ta tallafa daga 1987, zuwa na Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa wa hukuma a 2015. Sai a zagaye fili da waya, a hana kowa shiga, har mai lauje. Ciyawa ta cika tsakanin layukan bedi da turare da dakwara, ba dabbar da ta taɓa ta. Waje an kiwace tas, ciki kuwa makamashi ya kai gwiwa. Wato wurin da aka fi kashe wa kuɗi shi ne kaɗai wurin da wuta za ta samu abin ci a duk yankin. Maganin bai wuce a buɗe wa maƙwabta ƙofa daga ƙarshen Satumba ba, su yanke su kwashe kyauta, a kuma share da'ira mai faɗin mita ɗaya kewaye da kowane dashe har ya shekara uku zuwa biyar. Wanda ke samun ingiricin tumakinsa a fili shi ne mai gadinsa na gaskiya.

To me muke so dokar ta ƙunsa?

Farko ta ambaci layin tare wuta da sunansa, ta ɗora shi kan wani, ta ba shi lokaci. Maƙwabtanmu na Nijar suna buɗe irin waɗannan layuka duk bayan damina a yankin kiwonsu, ana biyan mutanen ƙauye ladan aikin. A gajeriyar ciyawa faɗin mita 15 ya isa, a share har ƙasa. Tun da iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, manyan layukan su gicciye ta, su miƙe daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, a haɗa su da hanyoyi da burtali da busassun rafuka yadda daji zai rabu gida-gida, kowane gida bai wuce kilomita biyu zuwa uku ba. Kilomita guda mai faɗin mita 15 hekta ɗaya da rabi ce. In mutum na share murabba'in mita 500 a yini da fartanya da manjagara, aikin mutum 30 ne na yini ɗaya, kuma ciyawar da za su kwasa ta haura tan biyu, tasu ce. A jigawar Daura kada a sa tarakta ta yi haro mai zurfi, iska za ta mayar da layin hanyar rairayi. Manjagara ta wadatar. A doguwar gamba kuwa share mita 15 da hannu azaba ce, kuma wutar tana tsallake shi. Can sai a nome siraran layuka biyu, kowane mita uku, da garmar shanu tun ƙasa ba ta yi tauri ba, a bar tazarar mita 25 zuwa 30 a tsakani, a ƙone tsakiyar da yamma.

Inda aikin ke lalacewa sananne ne. Ana tara ciyawar da aka share a gefen layi a bar ta, ta zama tsanin wuta. Ana barin kandilo a kan layin. Shi kuwa yana riƙe rushi a cikinsa har kwana, iska ta mirgina shi zuwa ɗaya gefen. Ana barin itace mai kogo a bakin layi, wuta ta shiga cikinsa ya riƙa feso tartsatsi ta sama tsakar dare bayan kowa ya tafi. Sannan ana mantawa layin ɗan shekara guda ne. Na bara ba ya kare bana.

Na biyu, dokar ta halatta toyin farkon rani a yankin doguwar ciyawa, ta kuma fayyace yadda ake yin sa. Kada ta rubuta rana da wata, don damina ba ta karanta gazet. A ƙirga daga ruwan ƙarshe: mako uku zuwa shida bayansa, wanda a yawancin shekaru yana faɗawa cikin Nuwamba. Gwajin yana hannu. A murɗa karan gamba: in ya fitar da ruwa, da saura, in ya karye ƙas, an makara, in ya lanƙwashe bai karye ba, sama rawaya gindi kore, lokaci ya yi. Mako biyu kafin ranar a yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a, domin masu yankan gamba ta zana da shuci na jinka su gama, mai dami a gona ya kwashe, mai auduga ya share gefen gonarsa, makiyayi ya janye garke. A kunna bayan la'asar, lokacin da iska ta lafa, don raɓar dare ta ƙarasa kashe ta. A ɗebi ƙasa a watsa sama: in ta zubo kusa da ƙafa a ci gaba, in iska ta tafi da ita a koma gida, gobe ma rana ce. Ana fara kunnawa daga gefen da iska ke nufa, a bakin layi, wutar ta riƙa tafiya tana fuskantar iska a hankali har baƙin wuri ya yi faɗin mita ashirin, sannan a bi gefe da gefe. Harshenta kada ya wuce ƙugu. Mutum goma zuwa sha biyu sun isa ƙungiya: biyu da bakin wuta, shida da mabugi, ko ɗanyen reshen sabara ko faifan tsohuwar roba da aka ɗaure a sanda, biyu da famfon feshi mai lita 16 da aka wanke shi daga maganin ciyawa, da shugaba guda wanda ba ya bugu, aikinsa kallon iska. Ba a ƙone duka. Kashi ɗaya cikin uku a shekara, tsalli-tsalli, bana nan baɗi can, don zomo da fakara su samu mafaka, wutar Maris kuma in ta zo ta tarar da daji rami-rami ta kasa gudu. Toyin da ya bar ƙasa baƙa ƙirin ba tsiron da ya tsira, ba toyi ba ne, gobara ce da aka yi wa izini. Washegari da asuba mutum biyu su zagaya su kashe kututturen da ke hayaƙi.

A koya wa ƙungiyar abin da ke kashe mutane. Ba a tsayawa gaban wuta, daga gefe ake bin ta, ƙafa ɗaya cikin wurin da ya riga ya ƙone. Wuta ta fi gudu in tana hawan tudu, kusan ninki take yi a duk hawan digiri goma, don haka a duwatsun Safana da Ƙanƙara kada kowa ya tsaya samanta. Rigar leda da takalmin roba narkewa suke a jiki. Yara ba su da wuri a wannan aiki.

Na uku, izinin ya sauko inda mutane suke. Sashen gandun daji na ƙaramar hukuma ya buɗe lokacin toyi ya kuma rufe shi da sanarwa, magajin gari ya riƙe littafi: wa zai ƙona, ina, yaushe, su wa za su tsaya. A zauna da mai unguwa, da arɗo, da sarkin noma, da sarkin baka, da wakiliyar mata masu kalwa da ƙwara, da malamin daji. Kyauta, ba ko sisi, don ranar da aka sa wa izini kuɗi ranar aka koma jifan garwashi da dare. Wanda ya rubuta sunansa ya bi ƙa'ida, wuta ta ƙwace masa ba da sakaci ba, kada a ɗaure shi. A sasanta diyya gaban hakimi. Kalifoniya ta yi makamancin haka a 2021, ta ɗauke wa mai toyi da izini biyan kuɗin kashe wutar sai in an tabbatar da mummunan sakaci. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: malaman Malikiyya sun daɗe da cewa wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi shi ke da lamunin abin da ta ci. Ma'aunin ke nan, lokaci da ganganci, ba kunnawar kanta ba. A ƙara da sashe ƙarara da ke kare wanda ya kai rahoton wuta, da wanda ya yi wutar tarba bisa umarnin shugaban ƙungiya.

Bayan an buɗe wannan ƙofa, sai a tsananta a kan saura, mu ba mu da ja. Daga ranar da aka rufe lokacin toyi har ruwa ya sauka, wanda ya cinna wa daji wuta don gafiya ko kurege ya biya abin da ta ci, ba tarar da ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Mai ɗiban zuma ya bar bakin wuta ya koma gwangwanin hayaƙi, wanda kowane maƙerin kasuwa zai iya ƙerawa. Mai gawayi ya share mita biyar kewaye da raminsa, kada ya buɗe shi da rana tsaka. Mai sassabe ya tara ya ƙona tsibi-tsibi a tsakiyar gona da yamma, ya tsaya har ta mutu. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, amma dajin gwamnati rumbun kowa ne.

Ba za mu yi kamar ba mu san halin da Rugu da Ruma-Kukar Jangarai suke ciki ba. Ba wanda zai tura ma'aikaci da fartanya cikin dajin da ɗan bindiga ke kwana. Sai dai rashin tsaron kansa ya ƙara makamashi: gonakin da aka gudu aka bari sun koma gamba, wuraren da garkuna suka ƙaurace sun cika, matakan tsaro irin na 2021, da suka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme suka kuma hana motocin itace fitowa daga daji, sun rage masu shiga. A irin waɗannan wurare aikin ya tsaya a bakin gari: zobe mai faɗin mita 30 kewaye da gidaje da rumbuna, a janye tarin kara da harawa daga jikin danga. Zoben nan yana tare wuta, yana kuma buɗe wa masu gadi ido. Rundunar tsaron al'umma da aka kafa a 2023 ta riƙa samun kwafin ranakun toyi, don kada a ga hayaƙi a ɗauka hari ne. Masu cewa a banka wa dajin wuta gaba ɗaya a huta kuwa, su tuna mai babur yana fita cikin minti kaɗan. Ɗorawa da ƙauyen da ke ƙarƙashin iska su ne ba su da inda za su.

Saura kuɗi, kuma a nan lokacin fitarsa ya fi yawansa muhimmanci. Layin arewa dole ya kammala kafin ƙarshen Oktoba, noman layukan kudu kafin ƙasa ta bushe, toyi kafin tsakiyar Disamba. Kuɗin da ya fito a Janairu ihu ne bayan hari. Muna roƙon a rubuta cikin dokar cewa kason wannan aiki ya isa ƙananan hukumomi a watan Agusta, a kuma nemi shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda jihar nan ke ciki, ya ɗauki sayen famfuna da manjagara da horar da ƙungiyoyin farko. Kafin a rubuta ko layi ɗaya, kwamitin muhalli na Majalisa ya yi zaman jin ra'ayi sau biyu, ɗaya a Daura ɗaya a Funtua, da Hausa da Fulatanci, ya gayyato masu lauje da masu sanda, ba masu takarda kaɗai ba. In an sa rana za mu zo da taswirar layukan da muke ganin ya kamata a fara da su.

Wassalam. Allah ya ƙara wa Majalisa daraja.

Daga wasu tsofaffin ma'aikatan gandun daji da malaman gona da na dabbobi,
Katsina.